Yadda za ka samu sabbin waƙoƙi a rediyon intanet

Ɗan'uwa, na ga tambayarka, ka ce kullum waƙoƙi iri ɗaya manhajar jin waƙoƙinka ke sako maka, kana so ka gano sabbin mawaƙa.

Ka ga shi irin wannan rediyon daga abin da kake yi yake koyo, waƙar da ka ji har ƙarshe, wadda ka tsallake tun farko, wadda ka danna wa alamar so, duk yana lissafawa, sannan ya duba me masu sauraro irinka suke ji ya kawo maka. To a Spotify ko YouTube Music ka zaɓi waƙa ɗaya da take burge ka sosai ka buɗe rediyonta, zai jero maka makamantanta. Wadda ta yi maka ka adana ta nan take, kar ka ce sai anjima. Spotify ma duk Litinin yana haɗa maka jerin waƙoƙin da yake ganin za su yi maka, wanda ake kira Discover Weekly. Pandora kam, wata manhajar rediyon intanet, a Amurka kaɗai take aiki, kar ka wahalar da kanka.

Inda ake kuskure shi ne ba yara waya su yi ta kunna waƙoƙin katun da akawun ɗinka, wallahi nan da nan komai zai rikice. Sai kuma barin kiɗa yana ta tafiya kana barci, data ta ƙare a banza.

Waƙoƙinmu na Hausa ni na fi samunsu a Audiomack da YouTube, amma na da, irin na kalangu da kukuma, gara ka tambayi dattawa ko masu shirin gargajiya a gidan rediyo.