Amsa ga ƙanwarmu da ta ce sikeli ya kafe duk da yunwar da take sha

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu mata da ke cikin wannan zaure, da yayyena da ƙannena na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi, da waɗanda aure ya kai su Accra. Na saurari muryar da ƙanwarmu ta turo jiya da daddare, kuma Hajiya ta ce tunda ba da shawara kan abinci shi ne aikina a asibiti, in amsa a nan domin kowa ya amfana.

Ƙanwata, kin ce kusan mako huɗu ke nan abincinki na yini bai wuce shayi marar suga da safe, da dafaffen ƙwai ɗaya da kokwamba da rana, da ɗan romon kifi da yamma ba. A makon farko kilo huɗu suka sauka, a na biyu kilo ɗaya, daga nan sikeli ya kafe. Wata kuma ta ce miki kin lalata yadda jikinki yake ƙona abinci har abada, ko ruwa kika sha zai zama kitse. Kina tambaya ko gaskiya ne, kuma ko ya kamata ki ƙara ragewa. Kada ki ƙara ragewa. Ruwa ba ya zama kitse, domin babu kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) ko ɗaya a cikinsa, amma akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarta, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Mu fara da kilo huɗun nan da suka faranta miki rai. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, mace baliga kuma tana ƙona kimanin 2,000 a yini. Ko da ba ki sa komai a baki ba tsawon kwana bakwai, abin da jikinki zai ƙona 14,000 ne, wanda bai kai kilo biyu na kitse ba. To, daga ina sauran ya fito? Jiki yana da ajiyar suga a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Idan abinci ya yanke, ita jiki yake fara taɓawa, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Na tabbata kin lura a kwanakin farko kin yi ta zarya zuwa banɗaki. Ranar da kika zauna gaban kwanon waakye ko tuwon zafi, ajiyar za ta koma mazauninta da ruwanta, sikeli ya hau da kilo ɗaya ko biyu cikin kwana biyu, ki ɗauka ƙiba ce ta dawo, alhali ruwa ne ya tafi, ruwa ne ya dawo.

Sai batun raguwar ƙonawa. Mafi yawan abin da jiki yake kashewa a yini, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ba a tafiya ko wanki yake tafiya ba. Yana tafiya ne wajen bugun zuciya, da numfashi, da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da ɗumama jiki, ko da mutum yana kwance. Idan abin da yake shiga ya ragu ƙwarai, jiki yakan yi abin da uwargida take yi idan an zaftare kuɗin cefane: ba ta daina girki ba, amma takan rage mai, ta rage nama, ta ɗage duk abin da zai iya jira. Sinadarin tayirod da ke sarrafa saurin ƙonawa yakan ja baya, bugun zuciya ya lafa, mutum ya riƙa jin sanyi har a zafin watan Maris na Kumasi, kuma ba da saninsa ba ya rage motsi. Wadda a da take taka ƙafa daga gida zuwa bakin titi sai ta ga ta fi son a kira mata keke. Ga shi kuma jikin da ya ragu da ma ba ya buƙatar abin da babba yake buƙata.

An gwada wannan tun da daɗewa. A shekarar 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya sa maza 36 da suka ba da kansu a kan kusan rabin abincin da suka saba ci, kalori wajen 1,570 a yini, har tsawon wata shida. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, kuma abin da jikinsu yake ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin 100. Ki lura da abu biyu. Ƙonawar ta ragu sosai, amma ba ta tsaya ba, domin mutanen nan sun rame har haƙarƙarinsu ya fito. Sannan abin da suke ci ya ninka naki fiye da sau biyu, amma duk da haka tunanin abinci ya mamaye su, wasu suka koma tara littattafan girki, fushi da baƙin ciki suka yi musu yawa, kuma da aka sake su suka yi ta ci babu ƙoshi har kitsen da suka tara ya wuce na da.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna a kanki. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda yake sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, ciki kuma yana fitar da girelin, mai tayar da yunwa. Idan nauyi ya faɗi da sauri, na farkon yakan sauka, na biyun ya hau. A wani bincike da aka yi a Melbourne ta Ostireliya, aka buga a 2011, an sa mutane a kan abinci mai ƙarancin kalori na mako goma, kuma bayan shekara guda cur sinadaran yunwarsu ba su koma yadda suke ba. Akwai kuma binciken da aka buga a 2016 kan mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, inda aka tarar bayan shekara shida jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a yini ƙasa da yadda ya kamata ga masu girmansu, kuma yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin. Waɗannan mutane ne masu ƙiba ta fitar hankali da aka wahalar da su fiye da kima, don haka ba zan ce halinki ya kai nasu ba. Amma ku daina zargin mace da rashin haƙuri idan ta koma ci bayan ta sha irin wannan yunwa, domin jikinta ne yake tura ta.

Sannan ba kitse kaɗai yake tafiya ba. Ko a rage ƙiba na hankali, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake rasawa ba kitse ba ne, kuma idan furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin kifi da wake da ƙwai, ya yi ƙaranci kamar naki, ga babu motsa jiki, asarar tsoka takan ƙaru. Tsoka tana wuyar dawowa, kitse kuwa ba ya jiran gayyata. Shi ya sa za ki ga mace ta koma nauyinta na da, amma hannunta ya saki, tumbinta ya fi na baya.

Ba wai wannan hanya ba ta da gurbi a aikin likita ba. Abincin da bai wuce kalori 800 a yini ba magani ne da ake ba wasu, galibi na tsawon da bai wuce mako 12 ba, ga masu ƙiba mai tsanani ko masu shirin tiyata. A Birtaniya an yi wani gwaji mai suna DiRECT, aka fitar da sakamakonsa a 2017, inda masu ciwon suga nau'i na biyu suka rayu a kan kalori ɗari takwas da ɗoriya na wata uku zuwa biyar, kuma bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Sai dai abin da suka sha haɗi ne da aka auna furotin da bitamin da gishirin jiki a cikinsa, ana duba su a kai a kai, an gyara musu magunguna tun ranar farko, sannan aka mayar da su kan abinci sannu a hankali. Wannan daban yake da ƙwai ɗaya da kokwamba a ɗaki. A ƙarshen shekarun 1970 mutane da dama sun mutu a Amurka saboda bugun zuciyarsu ya rikice bayan sun dogara da wani ruwan furotin marar inganci. Saurin ramewa kuma yana jawo duwatsu a matsarmama, da jiri, da taurin bayan gida, da rikicewar al'ada, da zubewar gashi wadda takan bayyana bayan wata biyu ko uku, wato daidai lokacin da kike son kitso ya zauna don biki.

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yarinyar da ba ta gama girma ba, kada su kusanci wannan. Iyayenmu masu allurar insulin ko ƙwayoyin suga da na hawan jini, don Allah kada ku yanke abinci kuna ci gaba da shan magani yadda yake, domin suga yana iya faɗuwa mutum ya sume. Shayin rage tumbi da ake talla a kasuwar Kejetia da Facebook kuwa, da yawansu maganin sa gudawa ne, abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki.

Ke kuma ƙanwata, kada ki tashi gobe ki cika ciki da fufu a zama ɗaya. Ki riƙa ƙara abinci kaɗan-kaɗan cikin mako guda zuwa biyu, ki tabbatar akwai kifi ko wake ko ƙwai ko wagashi a kowane ci, ki cika rabin kwano da kontomire (ganyen gwaza) ko ayoyo ko kabeji, ki rage girman malmalar tuwo ko banku maimakon ki yi gaba da su. Ki sa ido kan mai, domin cokalin cin abinci ɗaya yana da kalori kusan 120, kuma kin san yadda muke ambaliya da shi a miya da shito. Lemon kwalba ɗaya ya kai wajen 140. Idan kika rage kalori 500 a yini daga abin da kika saba ci kafin ki shiga wannan yunwa, kika haɗa da tafiya mai sauri da ɗan atisayen da zai sa tsoka aiki, rabin kilo a mako abu ne mai yiwuwa. Sikeli zai ɗan hau a kwanakin farko, kuma na riga na faɗa miki dalili. Tunda kin ambaci jiri idan kin miƙe daga sujada, ki je a auna jininki da hawan jininki a wannan makon, ki kuma nemi a tura ki wurin masana abinci, akwai su a asibitin Komfo Anokye. Idan kika ji zuciyarki tana bugawa ba daidai ba, ko ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kada ki jira wayewar gari. Wassalamu alaikum.