Tambayoyinku: Mun tarar da bijimi a filin da hanyarmu ta ratsa, mu wuce ko mu koma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sheffield, shekarata biyu kenan a Ingila. Ran Asabar wata abokiyar aikina Baturiya ta ja ni da yarana biyu muka je shan iska Peak District, ita da karenta. Muna bin 'yar hanyar ƙafa mai alamar kibiya ruwan ɗorawa sai ga mu gaban wani ƙyaure an liƙa allo mai hoton kan bijimi, can ciki ga shanu sun kai ashirin da ƙaton bijimi a tsakiyarsu, ba makiyayi ba kowa. Ita ta ce mu wuce ai hanyar jama'a ce, ni ko na ce wallahi ba dai da 'ya'yana ba, muka juyo. Har yau tana min tsiya wai tsoro ne. Dan Allah wa ke da gaskiya, kuma doka ta yarda manomi ya saki bijimi inda mutane ke bi?
Maman yara biyu, Sheffield

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaran. Ta fuskar doka ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, amma ni da nake amsa miki da ina wurin da yara biyu da kare a hannu, juyawar nan da kika yi ita zan yi.

Bari mu fara da dokar. Waccan kibiya ruwan ɗorawa alama ce ta hanyar ƙafa da kowa ke da haƙƙin bi ko da ta ratsa tsakiyar gonar mutum ne, kusan kamar burtali a wurinmu sai dai wannan ta mutane ce. A Ingila da Wales sashe na 59 na dokar namun daji da karkara ta 1981 ya hana a saki bijimi a filin da irin wannan hanya ta ratsa, sai a hali biyu. Ko dai bai wuce wata 10 da haihuwa ba, ko kuma ba jinsin shanun madara ba ne sannan yana tare da shanu mata ko karsana. Jinsunan madarar ma an jero su guda bakwai: Ayrshire, British Friesian, British Holstein, Dairy Shorthorn, Guernsey, Jersey da Kerry. Bijimin waɗannan in ya haura wata 10 ko da mata ɗari aka haɗa shi laifi ne, kuma tarar na iya kaiwa fam 1,000. Dalili shi ne sau da yawa a hannun mutum yake tashi tun yana maraƙi, sai ya girma ba ya shakkar ɗan Adam ko kaɗan. To kin ga wanda kuka gani in na nama ne irin su Hereford ko Angus ko Limousin, tunda yana cikin mata, manomin bai taka wannan dokar ba. Amma fa ba shi kenan ya wanke hannunsa ba, don dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta ɗora masa nauyin kare masu wucewa, dabbar da ya san tana da tunkuyi bai kamata ya bar ta a nan ba ko wace iri ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi nake so ki gaya wa ƙawar taki. Mutane idonsu na kan bijimi, alhali yawancin waɗanda shanu ke tattakewa a Birtaniya saniya mai jego ce ke aika-aikar, kuma sau da yawa akwai kare a wurin. Saniya in ta ga kare tana ganin abin da zai cinye mata ɗa ne, ta taso sauran su biyo ta, mai karen kuma don tausayi ya ƙanƙame igiya ko ya sungume shi a ƙirji, shi kenan ya zama shi ne a tsakiya. David Blunkett, tsohon ministan cikin gida wanda ɗan majalisar Sheffield ɗinku ne a lokacin, a 2009 saniya ta banke shi a Peak District ɗin nan yana tare da karen da ke masa jagora don shi makaho ne, har ta karya masa haƙarƙari. Shi ya sa ƙa'idar yawon karkara ta gwamnati ta ce a riƙe kare da igiya kusa da dabbobi, amma in shanu suka taso a sake shi, shi ya fi ki gudu zai tsira da kansa, su kuma shi za su bi.

Mu da muka tashi muna ratsa garke a hanyar kasuwa muna da wani ganganci, mun saba akwai Bafulatani da sandarsa a gefe, yana yin tsawa ɗaya su kauce. Can babu wannan, shanun su kaɗai suke wuni cikin shinge, kuma babban bijimin Charolais na iya haura kilo 1,000.

In wata rana dole sai kin ratsa, tsaya bakin ƙyaure tukuna ki duba da kyau, akwai 'yan maruƙa, ina suke, ina mafita ta gaba. Ki bi gefen shinge a natse yara na kusa da ke ba ihu ba guje-guje, kar ki kuskura ki shiga tsakanin uwa da ɗanta, in sun kwanta a kan hanyar ki kewaye su da nisa ki koma kanta a gaba. Matasan shanu akwai son gani, za su iya biyo ki a baya, in kika ruga su ma rugowa za su yi. Wanda kika ga ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da kofato yana huci, ko ya juya miki gefensa yana nuna girma, ki ja da baya a hankali idonki na kansa har ki fita.

Allon da kika gani sanarwa ce kawai, bai rufe hanya ba, kuma laifi ne manomi ya kafa allon ƙarya don ya kori masu wucewa. In kin ga bijimi shi kaɗai a irin wannan fili, ko shanu suka kore ku, ki ɗauki hoto daga bayan shinge ki rubuta wurin da ranar ki kai ƙara sashen kula da hanyoyin jama'a na hukumar yankin wato kansul, in an ji rauni a sanar da HSE, hukumar kula da lafiya da kariya a wurin aiki. Wanda shanu suka taka kuma ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau a kira lambar gaggawa ta 999, ke ma'aikaciyar jinya ce kin fi ni sanin yadda jini ke zuba ta ciki ba a gani.