Amsar tambayar saba mai kor 32 da ta ƙi sauri

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ga tambayarka, cewa kun ɗaga sabar PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, daga kor 8 zuwa 32 (kor su ne sassan CPU masu gudanar da aiki), saurin bai ƙaru ba, CPU kuwa rabinsa zaune yake. To, kada ka sake sayen komai tukuna.

Ka san PostgreSQL kowane kanekshan furoses guda, wato shiri mai gudana, yake buɗe masa. Yawancinsu barci suke, suna jiran a tashe su. Abin da za ka bi shi ne, me suke jira, kuma in an tashe su, yaushe suke samun kor?

Fara da pg_stat_activity, teburin da ke nuna abin da kowane kanekshan ke yi, duba wait_event_type da wait_event, masu faɗin abin da yake jira, tun sigar 9.6 ta 2016 suna nan. Kallo ɗaya ba ya isa fa, ka riƙa ɗauka duk daƙiƙa lokacin da aiki ya yi zafi. In ka ga LWLock (makullin cikin PostgreSQL) da WALWrite sun cika allo, to rijiya ce mai guga ɗaya: kowa ya gama aikinsa, yana layin rubuta WAL, rajistar sauye-sauyen bayanai, a faifai. Ƙarin kor ba ya taɓa wannan, faifan za ka duba.

Sai pidstat -w, umarnin Linux mai ƙirga sau nawa furoses ke sauka daga kor. Layi biyu ne a ciki, cswch/s da nvcswch/s. Na farkon, furoses ne da kansa ya kwanta jira. Na biyun, kanel, wato zuciyar Linux mai raba kor, shi ne ya fizge shi yana tsakar aiki, wataƙila ma yana riƙe da makullin da sauran ke jira, kuma wannan ne mai ciwon. In shi ya yi yawa, yi perf sched record na ɗan lokaci, sannan perf sched latency, zai nuna maka tazarar da ke tsakanin tashi da fara gudu.

Kar ka raina wannan tazarar. A 2012, ana gwajin Linux 3.6, an sauya yadda kanel ke zaɓar kor ɗin da zai ɗora furoses in ya farka, sai gwajin pgbench, ma'aunin saurin PostgreSQL, ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100. Sai da aka janye sauyin kafin a saki sigar.

Ni dai zargina kanekshan ɗinku ne suka yi yawa. Sa PgBouncer, manhajar da ke raba kanekshan kaɗan ga masu yawa, a transaction mode, rage su, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan da pgbench har ka ga inda saurin ya tsaya. Turo mana hoton pidstat ɗin da max_connections ɗinku, wato iyakar kanekshan da kuka sa, mu gani.