Tambaya da Amsa: Haɗa rezistans a jere

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon gyaran rediyo a unguwar Zango, nan Damagaram. Rezistans, ɗan abin nan mai rage gudun kuran da ake auna shi da om, mai om 1000 ta ƙone, na zagaya kasuwar Dole ban samu irinta ba. A hannuna akwai 470 da 330 da 220. Za su maye gurbinta?

Amsa: Za su yi, ɗan'uwa. Ka haɗa su a jere, ƙafar wannan da ƙafar waccan, ta yadda kuran ba shi da hanya sai ɗaya. In aka jera su haka, lissafinsu tarawa ne kawai: 470 + 330 + 220 = om 1020. Kada rarar 20 ɗin ta dame ka. Rezistans mai zoben ruwan zinariya ana yi mata uzurin kashi 5 cikin 100, wato ita kanta ta asalin tana iya kasancewa tsakanin 950 da 1050. Wadda ka sa gaba ko baya duk ɗaya ne.

Ka ɗauka bolt 12 ne a kan jerin. Raba 12 da 1020, kuran ya kama kusan 0.012 na amfa (ma'aunin kuran), wato miliyamfa 12, kuma shi ne ke ratsa dukansu. Bolt ɗin ne ake rabawa, babba ta kwashi babban kaso: 470 ta ɗauki kusan 5 da rabi, 330 kusan 4, sauran na 220. In ka auna ka tara bai ba ka 12 ba, akwai matsala a haɗin.

Inda masu koyo suka fi faɗawa shi ne zobe na uku, cikin zobban launi da ke jikin rezistans masu nuna yawan om ɗinta. Rawaya, shunayya, ruwan ƙasa, 470 ke nan. In na ukun ja ne, ta zama 4700, ninki goma. A tsohuwar rezistans da ta sha zafi da ƙura, ja da ruwan ƙasa sai su yi kama, don haka kada ka yarda da ido, sa mita. Cire batir tukuna, ka ɗaga ƙafa ɗaya daga allon, in ba haka ba sauran kayan da ke kewaye za su rage maka lambar. In ka auna jerin gaba ɗaya mita ta nuna 1.02 a ma'aunin kilo, daidai ne, kilo ɗaya om 1000 ne.

Ka duba girman wadda ta ƙone. In mai wat 2 ce, ƙananan nan masu kwatan wat ba za su jure ba, balle a zafin watan Afrilu. Kuma rezistans ba ta cika ƙonewa haka kawai ba: auna tiransisto da kondansa da ke kusa da ita kafin ka kunna. Dalma kuwa ta kama sosai a kowace mahaɗa, don in ɗaya ta saki, jerin gaba ɗaya ya mutu.