Amsa: Taswirar kogon wasa cikin dare ɗaya

Ɗan'uwa, in na fahimce ka, kai ne jagoran wasan D&D irin na da (Dungeons & Dragons, wasan labari na kan tebur da 'yan wasa ke kutsawa kogo mai ɗakuna da dodanni) ranar Asabar, kuma ba ka da lokacin zana kogo da hannu.

Fara da shafin intanet mai suna donjon. Kyauta ne, a burauza yake aiki: ka zaɓi girman kogon da matakin 'yan wasa, shi kuma ya fitar maka da ɗakuna, ƙofofi, tarkuna da dodanni. In kyan zane kake so, One Page Dungeon na wani mai ƙera manhaja da ake kira Watabou ya fi shi, Watabou yana kuma da na zana birni. Shafin Azgaar na zana ƙasa guda ne da kogunan ruwanta da iyakokinta, bar shi tukuna.

Inda ake tuntuɓe shi ne cika kowane ɗaki. Na taɓa buga kogon donjon yadda ya fito, ban karanta ba. A ɗaki na 4 aka yi wa 'yan wasana kaca-kaca, ni kaina ban san dodon na wurin ba! Yanzu taswirar kawai nake ɗauka, sai in bi ƙa'idar littafin dokokin D&D bugun Basic na 1981 da ɗan lido mai fuska 6: 1 ko 2 dodo, 3 tarko, 4 abin mamaki, 5 ko 6 wayam. Ɗakin da ba kowa ma yana sa gaban mutum faɗuwa. Duba kuma ko akwai hanya fiye da ɗaya, in babu ka ƙara a manhajar zanen taswira ta Dungeon Scrawl.

Sauke hoton tun da wuri, kada intanet ta yanke maka tsakiyar wasa. In kuwa sayar da labarin za ka yi, karanta sharuɗɗan kowace manhaja, ka kuma tuntuɓi lauyan haƙƙin mallaka.