Zafin jiki bayan allurar rigakafi

Ƴar'uwa daga Tawa, kin tambaya ko allurar rigakafi ce ta sa wa jaririnki ciwo, tunda jikinsa ya yi zafi. A'a. Allurar na ɗauke da ƙwayar cuta da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangarenta. Fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su riƙe kamanninta. Ran da ta gasken ta shigo, a shirye suke. Wannan aikin ne ke kawo zazzaɓin kwana 1 ko 2.

Ki ci gaba da ba shi nono. Don Allah kar ki saya masa magani wurin ƴan talla, kar kuma tsoro ya sa ki fasa allurar ƙyanda ta wata 9. In zafin ya wuce kwana 2, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ki kai shi likita nan take, don zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa.