Sauya Windows a Kwamfutocin Wurin Aiki: Amsa Ga Ɗan Kasuwa Mai Tsoron Asara

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kaya a sari ya aiko da wannan tambaya: "Ina da kwamfutoci goma sha ɗaya tsakanin ofis da ɗakin ajiya da teburin karɓar kuɗi. Mai kula mana da su ya ce dole a mayar da su Windows 11, a kuma daidaita su su zama iri ɗaya, har ya ce huɗu daga cikinsu ba za su ɗauka ba sai an sayi sababbi. Ma'aikata suna ta ƙorafi don kowa ya saba da tasa, ni kuma ban ga abin da ya lalace ba. Kashe wannan kuɗi ya zama dole ne, ko in jinkirta?"

Alhaji, mai kula da kwamfutocinka ya faɗi gaskiya cewa sauyin ya zama dole, amma yadda za a yi shi da lokacin da za a yi shi hukuncinka ne, domin kai ne ka san ranakun da ciniki ba ya jure tsaiko. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki kamar yadda ta saba, shi ya sa ba ka ga abin da ya lalace ba. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da ake turowa duk wata domin toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe da yawa tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali tun watan Maris na shekarar an fitar da gyaran da zai kare su. Waɗanda abin ya rutsa da su ba su saka gyaran ba ne. Kwamfutar da ba ta da tallafi kuwa, ko mai ita ya so sakawa babu abin da zai saka, kuma a cikinta ne lissafin bashin da kake bin mutane yake.

Kafin ka fitar da kuɗin sababbi huɗu, ka nemi a nuna maka dalilin da ya hana kowace ɗaya ɗauka. Windows 11 yana buƙatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 4, da wurin ajiya na gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan injin sarrafawa na Intel daga zubi na takwas zuwa sama ko na AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Akwai manhajar PC Health Check ta kyauta wadda ke faɗin ainihin sharaɗin da kwamfuta ta gaza cikawa. Sau da yawa ɓangaren tsaron nan yana cikin na'urar, an dai bar shi a kashe ne a saitin farko, kuma kunna shi aikin 'yan mintoci ne. Idan kuwa injin sarrafawar ne ya tsufa, to babu gyara. Kada ka yarda a yi dabarar tsallake sharuɗɗan a ɗora shi da ƙarfi, domin kamfanin ya bayyana cewa ba ya lamunce wa irin waɗannan na'urori samun sabuntawa, ka ga an koma gidan jiya bayan an sha wahala.

Jinkiri ma yana da farashi a rubuce. Microsoft yana sayar wa kamfanoni ƙarin gyaran tsaro na Windows 10 har shekara uku, dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa kowace shekara, wanda ya shiga a makare sai ya biya har na shekarar da ta wuce. Jimillar shekara ukun ta kai dala 427 kan na'ura ɗaya. A ganina wannan hanya ta dace da kwamfuta ɗaya ko biyu da ke riƙe da wata manhaja da ba a samu madadinta ba tukuna, na shekara guda kawai. Biyan ta ga dukkan na'urori zuba kuɗi ne a kan kayan da za a ajiye ko ba jima ko ba daɗe.

Inda nake so ka fi ba da lokacinka shi ne abin da masu gyara suka fi mantawa da shi. Kasuwancinka yana tafiya ne a kan manhajar lissafi da ta ƙidayar kaya, da firintar rasit, da na'urar karanta lambar kaya, wataƙila da sikeli mai haɗe da kwamfuta. Windows ƙasa ce kawai da waɗannan suke tsaye a kanta. Ka sa a zauna da kowane ma'aikaci a rubuta duk manhajar da yake buɗewa da duk na'urar da yake jonawa, har da waɗanda ba a taɓawa sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, domin su ne ake tunawa da su bayan aikin gama ya gama. Daga nan a tambayi masu kowace manhaja a rubuce ko zubin da kake da shi yana aiki a kan Windows 11, in kuma sai an sabunta shi, nawa ne kuɗin. Tsofaffin firintoci su ne suka fi ba da matsala, saboda ƙaramar manhajar da ke haɗa su da kwamfuta, wadda ake kira direba, wani lokaci ba a sake fitar da sabuwa ba. Ka kuma binciki lambobin lasisi, ka tabbata suna hannunka ba a cikin kan wani tsohon ma'aikaci ba. Idan kuna amfani da Office 2016 ko 2019, tallafinsu ma ya ƙare a wannan rana ta 14 ga Oktoba 2025, don haka kuɗinsu ya shiga kasafi. Sai wannan jerin ya kammala za ka san ainihin abin da aikin zai ci, kuma galibi yakan zarce ƙiyasin farko.

Bayan haka a kwafi dukkan bayanai zuwa wuri biyu daban, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wajen ginin, sannan a gwada buɗe kwafin a wata kwamfuta a gabanka, domin kwafin da ba a gwada ba ba a san ko yana da amfani ba. A fara sauyin da kwamfuta ɗaya wadda tsayawarta ba zai hana ciniki ba, a ba ma'aikaci mai haƙuri ya yi aikinsa na yau da kullum a kanta na mako guda. Windows yana ba da damar komawa tsohon tsari cikin kwana 10 bayan sauyi, don haka gwajin ya ƙare kafin wa'adin ya cika. Sauran a bi su biyu biyu ko uku uku, teburin karɓar kuɗi ya zama na ƙarshe, kuma a guji ƙarshen wata da lokacin ƙidayar kaya da lokacin da kasuwa ta fi ci. Ranar da za a taɓa teburin kuɗi, a ajiye littafin rasit na hannu a kusa.

Batun daidaita kwamfutoci su zama iri ɗaya kuwa ina goyon bayansa ƙwarai, kuma dalilina na kuɗi ne. Idan saiti ɗaya ne da manhajoji ɗaya, duk wadda ta lalace sai a ɗauko wata a ci gaba da aiki a cikin sa'a guda, sabon ma'aikaci ya koyi tsari ɗaya, mai gyara kuma ya daina ɓata yini yana laluben yadda aka shirya kowace na'ura. Ka nemi a sa zubin Pro, wato nau'in Windows na wuraren aiki, a dukkansu, ma'aikata su shiga da asusun da ba shi da ikon saka manhaja, ikon gudanarwa ya tsaya a hannunka da na mai kula da su. Idan an kunna BitLocker domin kulle bayanan da ke kan faifai, to a buga lambobin buɗewa na gaggawa a takarda ka adana su da kanka, domin in suka ɓace bayanan ma sun tafi. Sai dai iri ɗaya ba ya nufin akanta da mai ɗakin ajiya su sami kayan aiki ɗaya sak. Tsari biyu ko uku bisa nau'in aiki ya wadatar, kuma duk wanda ke buƙatar wata manhaja ta musamman ya san wa zai tambaya da kwana nawa zai jira amsa. Idan aka rufe ƙofa ba tare da wannan ba, ma'aikata za su koma yin aikin kamfani a wayoyinsu, bayananka su watsu inda ba ka da iko da su.

Ƙorafin ma'aikata kada ka ɗauke shi a matsayin taurin kai. Wanda ya shekara biyar hannunsa ya san inda komai yake zai yi jinkiri na 'yan kwanaki, kuma yana tsoron a ga kasawarsa a gaban abokin ciniki. Abubuwan da suka fi damun mutane ƙanana ne: maɓallin farawa ya koma tsakiyar allo, ana kuma iya mayar da shi hagu a saiti, jerin zaɓin da ke fitowa idan an danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta ya gajarce. Zaman sa'a ɗaya a nuna musu waɗannan, tare da sassauci a makon farko, zai kawar da mafi yawan damuwar.

Game da biyan kuɗi, ka yi yarjejeniya a rubuce da mai aikin wadda ta ƙunshi kwafin bayanai da gwajin firintoci da zuwansa a makon farko bayan sauyi, kuma ka riƙe wani kaso har sai an rufe lissafin wata ɗaya a kan sabon tsarin ba tare da matsala ba. Idan za ka sayi sababbi, ka sayi samfuri ɗaya, ka kuma fara ware kuɗin sauya kashi ɗaya cikin huɗu na na'urorinka duk shekara domin nauyin ya daina faɗo maka lokaci guda. Tsofaffin da za a sayar ko a bayar, a goge faifansu gogewa ta gaskiya ko a cire shi gaba ɗaya, domin share fayil kawai ba ya hana a dawo da sunayen abokan cinikinka da adadin bashin da ke kansu.